Daga Rumbu Zuwa Akushi: Gwanintar Innarmu

Gidan da ke da baki 30 ba ya kasa cin tiya 6 ta hatsi a yini. Tiya 40 ke cika babban buhu, ke nan kowane mako sai buhu guda ya tafi, kafin shekara ta zagayo an haura buhu 50. Hatsin nan kuwa a zangarniyarsa yake shigowa gida, da ƙaiƙayinsa da dusarsa da tsakuwarsa. Kafin ya zama lomar da yaro zai kai baki sai ya bi ta hannu sau tara ko goma, kuma kowane mataki da nasa sanin. Innarmu, Allah ya jiƙanta, ta fi shekara 50 tana riƙe da wannan aiki a wani ƙauye na ƙasar Kankiya, a jihar Katsina. Ba ta taɓa riƙe alƙalami don lissafi ba, ba a kuma taɓa kwana a gidan ba a ɗora tukunya ba.

An kawo ta gidan tana yarinya, ana gab da samun 'yancin kai na 1960. Ta haifi 11, 9 suka rayu. Ga 'ya'yan abokiyar zamanta, ga na ƙannen Baba da ke noma gandu ɗaya da shi, ga 'ya'yan riƙo, ga almajiran da ke kwana a zaure. Duk wanda ya tuna da ita, haƙurinta yake fara yabo, kuma lalle mai haƙuri ce. Sai dai haƙuri shi kaɗai ba ya raba rumbu uku ga wata 12. Abin da ya riƙe gidan nan ilimi ne na hannu da ido da kunne. Shi nake so mu bi daki-daki, don ta nan ta nuna mana ƙaunar da kunya ta hana bakinta furtawa.

Tun kaka aikin yake somawa. Gero, wanda ake shukawa da ruwan farko, cikin kamar kwana 90 yake nuna. Maiwa da dawa kuwa sai damina ta ɗauke, hunturu ya kunno kai. Maza ke yankewa su ɗaure dami-dami su jera a rumbu, wanda aka gina da yumɓu a kan duwatsu saboda damshi da gara, aka kifa masa jinka. Baba ke hawa ya fiddo dami, amma Inna ke faɗin wane rumbu za a fara taɓawa. Tsarinta shi ne a soma da abin da ba ya jimirin ajiya: masara da dawa a gaba, gero a baya, don gero in yana kan zangarniyarsa yakan shekara da shekaru ƙwari ba su ci ƙarfinsa ba. Saboda haka ba ta yarda a sussuke abin da ya wuce na mako guda. Wake kuma ta shanya shi ya bushe ƙayau, ta gauraya shi da tankaɗaɗɗiyar toka, ta cika tukunya ta liƙe bakin da laka. Tokar tana toshe 'yan ƙofofin da ke tsakanin ƙwaya da ƙwaya, ƙwaro ya rasa hanya, ya rasa iska. Babban rumbun gandu kuwa a liƙe yake sai ruwa ya sauka, lokacin da majiya ƙarfi ke wuni a duƙe suna neman abinci mai nauyi. In wani ya kawo zancen buɗe shi da wuri, sai ta ce da Baba, "Malam, a bar shi tukuna. Ba a fafe gora ranar tafiya."

In dami ya sauko, sai sussuka, wato bugun zangarniya a turmi har tsaba ta rabu da ita. Daga nan sai shiƙa. Mai shiƙa takan tsaya ta ba iska gefe, ta ɗaga ƙwarya daidai kafaɗa, ta riƙa tsiyayo tsabar a siririn zubi zuwa wata ƙwaryar da ke ƙasa. Tsaba mai nauyi ta faɗa tsaye, ƙaiƙayi ya bi iska. Duk gwanintar tana ga karanta iskar. In ta yi ƙarfi, a sauko da hannu don kada tsaba ta bi ta. In ta yi sanyi, a ɗaga hannu sama a rage zubi. In ta juya, a juya da ita nan take, in ba haka ba a ga abin da Hausawa ke cewa, ƙaiƙayi koma kan masheƙiya, kuma wanda ƙaiƙayin gero ya taɓa shigar wa wuya ya san ma'anar maganar. Inna takan ɗebi ɗan ƙaiƙayi ta saki daga yatsunta kafin ta fara, inda ya nufa nan take ba gefe.

Sai surfe, wato cire dusa daga jikin ƙwaya. Turminta na icen ƙirya ne, ice mai tauri da ba ya saurin tsagewa, cikinsa ya yi sulɓi saboda daɗewa. Za ta zuba tsaba ta kai rabin turmi, ta yayyafa ruwa da tafin hannu, ta juya. Ruwan nan awo ne da shi. In ya yi yawa, ƙwayar ta jiƙe ta farfashe ta cuɗe da dusa. In ya yi kaɗan, tsaba ta riƙa tsalle tana fita waje, dusa kuma ta ƙi saki. Bugun surfe ma daban yake da na daka. Ba a sakin taɓarya da dukan nauyinta a tsakiya, ana ɗan karkata ta ne ta gogi gefen turmi, don ƙwayoyin su gogi juna su tuɓe rigarsu ba tare da sun karye ba. Daga ɗaki Inna kan ji sautin turmi ta ce da yarinya, "Ke 'yar nan, ƙara ruwa," ko kuwa, "Ya isa haka, kwashe." Kunnenta ya san bambancin amon busasshiyar tsaba da na wadda dusarta ta saki.

Bakace ke biye. A zuba surfen a faifai, a riƙe shi da hannu biyu, a wurga sama a tare, da ɗan fizga zuwa baya a ƙarshe, dusa ta taru a bakin faifai ta zube, tsaba ta dawo wajen ƙirji. Sannan wanki da rega. A zuba tsabar a ƙwarya da ruwa, a riƙa kaɗa ta a hankali ana karkatawa, tsaba na gangarawa zuwa wata ƙwaryar kaɗan-kaɗan, tsakuwa da yashi, da yake sun fi nauyi, su kwanta a gindi. Wadda ta yi gaggawa a nan, haƙoran mutanen gida za su ba da labari da dare. Ruwan wankin kuwa, wanda ake kira ƙasari, ba a zubar da shi. Shi da dusa na awaki ne.

In tsaba ta tsane sai daka. A nan ne gidan ke tashi. Mata biyu ko uku a turmi ɗaya, taɓarya na fita wata na shiga, ba karo ba jira. In abin ya yi daɗi sai lugude, mace ta cilla taɓarya sama ta tafa hannu ta cafe, bugun bai ɓace ba. A kwashe a tankaɗe a rariya, gari ya sauka, tsaki ya rage a sama. Wani tsakin a mayar turmi a yi ribiɗi, wato daka na biyu har ya yi laushi, wani a ajiye don fate ko burabusko. Da injin niƙa ya iso ƙauyen, Inna ba ta ƙi shi ba. Takan aika da dawar tuwo can, ta ce Allah ya hutar da kafaɗun 'yan mata. Geron fura ne kawai ta bar wa turmi, don ta ce ɗanɗanonsa ba ɗaya ba ne.

Tuwon mutum 30 aiki ne da ke neman ƙarfi da nutsuwa tare. Tun la'asar take ɗora sanwa, wato ruwan girki, a babbar tukunya kan murhu mai duwatsu uku. Kara take sawa ruwa ya yi saurin tafasa, sannan ta tura itace don wuta ta zauna. Sai ta dama wani ɓangare na garin da ruwan sanyi, ta tsiyaya cikin tafasasshen ruwan tana juyawa, da ɗan ruwan kanwa in tuwon dawa ne. Wannan shi ne talge, kuma shi ne tushen tuwo. In talge bai nuna ba, duk tuƙin duniya ba zai raba tuwon da warin ɗanyen gari ba, kuma ba zai kwana ba. Ta ƙamshi take gane ya nuna, da yadda yake ɓulɓula a hankali yana tofi. Sai ta ɗebi wani ta ajiye a ƙwarya, ta gyara zama, ta danne tukunya, ta kama muciya da hannu biyu. Yarinya na barbaɗa gari, ita tana tuƙi: ta nutsa muciya har gindi, ta jawo tuwon ta matse shi a jikin tukunya, ta juya, ta sake. Matsewar nan ce ke kashe gudaji, wato ƙulle-ƙullen garin da bai narke ba. In ya yi tauri, ta mayar da talgen da ta ajiye ya sassauta shi, don ruwan sanyi a wannan gaɓa ɓata tuwo yake yi. Da ya yi sumul sai ta yayyafa ruwa kaɗan, ta rufe, ta zare itace, ta bar shi kan garwashi ya turara. Ƙanzon da ya kama a gindi ma yana da rana, a jiƙa shi a sha, ko a shanya don wata rana.

Miyar kuka a gefe take, kuma ita ma da ƙa'idarta. Sai ruwa ya tafasa da daddawa da barkono da ɗan man shanu ko man gyaɗa, sannan a rage wuta. Hannun hagu na barbaɗa kuka kaɗan-kaɗan, na dama na burgawa da maburgi. Kukar kuma tun kaka ta tsinko ta, ta shanya a inuwa don kada rana ta cinye korenta. Haka kuɓewa, a yayyanka a shanya. Haka tumatir, a tsaga a busar ya zama kauɗa. A tsakiyar rani, lokacin da babu ɗanyen ganye ko ɗaya a ƙauyen, tukunyar miyarta ba ta sani ba.

Kwasa da rabo shi ne wurin da na fi ganin zurfin hankalinta. Da mara, wato ɓallin ƙwaryar da ake kwasar tuwo, take aiki, tana tsoma ta a ruwa kafin kowace malmala don kada ta manne. Akushin Baba da baƙinsa a fara, sai kwanon samari masu noma, sai na mata, sai na yara. Ba ta haɗa yaro mai saurin loma da mai nawa a kwano ɗaya, don ta san ƙaramin zai tashi da yunwa bai faɗa ba. Akwai na almajirai, akwai na maƙwabciya mai jego, akwai malmala biyu da take rufewa da faifai saboda baƙon dare, in bai zo ba su zama ɗumamen safe. 'Ya'yan abokiyar zamanta, wadda ke kiranta Yaya, ba su taɓa leƙa kwanonmu sun ga abin da babu a nasu ba. Babban yayanmu, ɗan farinta, ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta ma cika ɗaga ido ta dube shi a gaban mutane ba. Amma ranar da ya wuni yana huɗa, in an ɗaga malmalar sama a kwanonsa, sai a tarar da ɗan curin man shanu a ɓoye a ƙasa yana narkewa. Ita kuma sai kowa ya ɗauka take zama da abin da ya rage.

Daddawar da ke ba miyar nan armashi ita ke yin abarta, kuma a nan ne ƙauyen duka ya sallama mata. Ɗorawa takan nuna da bazara. A ɓare kwanson, a raba garin nan rawaya mai zaƙi da 'ya'yan, waɗanda ake kira kalwa. Ɓawon kwanson ma ba ya tashi a banza, shi ake jiƙawa a sami makuba ta daɓen ɗaki. Kalwa tauri gare ta, sai ta wuni ta kwana a kan wuta ana ƙara ruwa. In ta yi laushi a zuba a turmi da ɗan yashi ko toka, a surfa a hankali har baƙar fatar ta saɓule, a wanke a rege sau da yawa har farar ƙwaya ta fito tas. A sake dafawa na ɗan lokaci da 'yar kanwa, a tsane, tana da zafinta a zuba a masaki ko kwando, a lulluɓe da ganye da buhu, a kai lungun ɗaki mai ɗumi. Kwana biyu zuwa uku ba mai buɗewa. A cikin duhun nan wasu ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani, waɗanda masana ke kira Bacillus subtilis, suna narka sinadarin gina jiki da ke cikin kalwar, ta yi yauƙi, ta yi duhu, ƙamshin nan ya tashi. Inna ba ta san sunansu ba, amma ta san abin da suke so sarai: ɗumi, da tsabtar mazubi, da rashin damu. Takan ɗora tafin hannu a kan buhun ta ji zafinsa, ta sunkuya ta shaƙa, ta ce saura kwana ɗaya. Da hunturu ta ƙara lulluɓi, da zafi ta rage. In ta nuna, a kirɓa, a cura, a lallatsa fale-fale, a shanya a rana. Daddawar da aka yi haka takan yi watanni ba ta lalace ba.

Daddawa da ƙuli-ƙuli su ne jarinta. Gyaɗa a soya ta a kasko da yashi don zafi ya ratsa ta daidai, a murje, a bakace ɓawon, a niƙa. A zuba ƙullun a turmi, ana ɗiga ruwan zafi ana juyawa da taɓarya, har mai ya fara tasowa yana ƙyalli. A kwashe man, a matse tunkuzar, a mulmula a soya ta cikin manta. Kuɗin yana shiga adashi, kwasar adashi ta zama akuya, akuya ta haihu, 'ya'yanta su zama kayan ɗakin 'yan mata. Ko da naira ta maye gurbin fam a 1973, ta daɗe tana lissafinta da sule. Da aka buɗe makarantun firamare kyauta na UPE a 1976, kuɗin ƙuli-ƙulin nan ne ya ɗinka mana kayan makaranta, ya sayi littafi da fensir.

An ga amfanin duk wannan sani a shekarar farin 1973, lokacin da ruwa ya ɗauke hatsi bai kai ba, dabbobi suka yi ta mutuwa daga nan har ƙasar Nijar. Bayan shekara biyu, a 1975, cutar da darɓa ke yaɗawa ta cinye gyaɗar Arewa, dalar gyaɗa ta Kano ta zama labari. Manyanmu suna ba da labarin yadda ta dubi damin da aka shigo da shi a kakar farin, ta rage awo tun daga wannan makon, tun ciki bai san da yunwa ba. Ta rage kaɗan-kaɗan yadda ba mai lura. Tuwo sau biyu ya koma sau ɗaya, rana ta zama ta fate, tsaki kaɗan ganye da yawa. Da ruwa ya dawo, ta san kowane ganye da ake ci da yadda ake kashe ɗacinsa: tafasa a dafa a zubar da ruwan farko, rama a matse tsaminta, zogale da yaɗiya a kwaɗanta su da garin ƙuli-ƙuli. Haka take yi a kowace marka, tsakiyar damina, sa'ad da tsohon hatsi ya ƙare sabo bai nuna ba, har ranar da yara za su shigo da tumu, gasasshiyar zangarniyar sabon gero, kowa ya san an haye.

A ƙauyen akwai gidajen da gonarsu ta fi tamu girma. Da kaka sukan kai hatsi kasuwa lokacin da yake arha, a wuni gindin bishiya ana hira, ganyen kuka ya kaɗe ba wanda ya tsinka. Da marka sai ga ƙwaryarsu a ƙofar ɗakin Inna. Ba ta taɓa mayar da ƙwarya wofi ba, ba ta kuma taɓa gori ba. Iyakarta ta ce da matar gidan, "In Allah ya kai mu kaka, ki turo mini yarinyarki mu yi shanya tare."

Koyarwarta ma a aikace take. Yarinya 'yar shekara shida takan sami ƙaramar taɓarya da ɗan faifai, ta yi ta yi a gefenta. Ba faɗa, ba dogon bayani. In hannun ya karkace sai ta kama shi ta daidaita, ta saki. Da ƙarfi ya ƙare mata, ta koma kan tabarma a bakin madafa, surukai da jikoki na aiki, ita tana saurare tana gyara. 'Ya'yanta mata da jikokinta sun watsu daga Katsina zuwa Kano da Kaduna, wasu kan risho da gas suke girki, wasu da ɗan dunƙulen kanti suke haɗa miya, amma ba wadda ke tuƙa tuwo talge bai nuna ba, ba kuma wadda ke kwasa ba ta ware na baƙo ba.

Irin wannan ilimi ba a rubuta shi a ko'ina ba, yana hannun tsofaffin da ke raguwa a kowace shekara. Wanda Allah ya bar wa tasa uwar da rai, ya samu lokaci ya zauna kusa da murhunta, ya tambaye ta yadda take gane daddawa ta nuna, da yadda ta raba hatsin shekarar fari, ya kai 'ya'yansa su gani da idonsu su riƙe taɓarya da hannunsu. Waɗanda suka riga mu gidan gaskiya kuma, Allah ya sanya kowace loma da suka ciyar a mizaninsu, ya gafarta musu, ya ba mu ikon riƙe abin da suka koya mana.